Kafin ki biya kuɗin teburi a bajekolin ƙarshen mako

Tambaya: Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina sayarwa ta WhatsApp. An ce in kama teburi a wani bajekoli na Asabar da Lahadi a nan Kano, naira dubu 40. Zai fitar da ni kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗauko biro tukuna. Kan dubu 40 ɗin nan ki ɗora kuɗin adaidaita sahu na kwana biyu, da abinci, da ɗan abin da za ki ba yarinyar da za ta tsare miki kaya idan kin tashi salla, da ledoji. A ce duka ya tashi dubu 60. Idan ribarki a kowace kwalba naira 1,500 ce, sai kin sayar da kwalba 40 kafin ki ci ko sisi. Kin taɓa sayar da haka a kwana biyu? Idan a'a, ki nemi mai mayafai ko mai takalma ku raba teburin da kuɗinsa.

Kada ki tura kuɗi sai kin ji masu turare nawa ne suka riga suka kama wuri, domin idan kun kai goma a zaure ɗaya, karya farashi za ku yi ta yi wa juna. Ki tambayi inda teburinki zai faɗa. Kusa da ƙofa ko wajen masu abinci akwai ciniki. Ƙuryar da ke jikin janareta kuwa zaman banza ne. Ranar ma abin dubawa ce: ƙarshen wata bayan an yi albashi, ko gab da Salla, ya fi tsakiyar wata nesa ba kusa ba.

Wajen kaya, ki fi yawaita ƙananan kwalabe. Wadda ba ta san ki ba da wuya ta zuba kuɗi mai nauyi a kan ƙamshin da yau ta fara ji, amma za ta ɗauki ƙarama ta gwada. Ki tafi da kasko da gawayi, sai dai ki nemi izini kafin ki kunna, kar hayaƙi ya bi atamfar maƙwabciyarki a yi rigima. Ki rubuta farashi ɓaro-ɓaro, don da yawa kunyar tambaya ce ke sa su wuce.

Kowace kwalba kuma ta fita da lambar wayarki manne a jiki. Wadda turaren ya yi mata daɗi, ranar da ya ƙare jikin kwalbar za ta duba. Shi babban bajekolin da ake yi a titin Gidan Zoo ƙarshen shekara, ki bar shi sai jari ya yi ƙwari, kwanakinsa da yawa, kaya yake ci.

Tambaya: Na kai kunun aya kwalba 100, kafin la'asar rabi ya yi tsami. Ga shi wani ya nuna mini shaidar tiransifa a wayarsa, har yau kuɗin bai shigo ba.

Amsa: Malam, kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan, balle an sa masa dabino da kwakwa. Ka daskarar da rabin kwalaben tun dare, kada ka cika su taf domin ruwa yana kumbura idan ya daskare. Jera su a kula, daskararru a ƙasa, masu sanyi a sama, ka rage yawan buɗe murfin. Na Lahadi ka haɗa sabo. Ka riƙa kai zoɓo ma ka sayar, ya fi kunun aya haƙuri.

Batun kuɗi kuwa, hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka kafin ka miƙa kaya, ko da layi ya taru. Ka tanadi canjin 'yan ɗari biyu da ɗari biyar tun ranar Juma'a.