Keken da fedarsa ba ta tsayawa

Jiya muna ɗaura sarƙa ka tambaye ni: tsakanin keke mai kafaffiyar giya da keken tsere mai canjin giya, wanne ya fi ƙara wa ƙafa ƙarfi, wanne kuma ya fi gudu? To zo, ɗana, kifa wannan mai kafaffiyar giyar tukuna.

Juya tayar baya da hannu. Ka ga feda na bin ta? Janye yatsanka daga sarƙar nan! Wannan ba ya jiran kowa, in ya kama yatsa sai ya kai shi cikin haƙora. Kada ka haɗa shi da Raleigh ɗin iyayenmu. Shi ma giyarsa ɗaya, amma a gangara kana iya sakin ƙafa ka huta. Wannan kuwa, muddin taya na juyawa, ƙafa na aiki.

Ƙirga haƙoran. Na gaba 48, na baya 16. Feda ta zaga sau ɗaya, taya ta zaga sau uku, mita 6 da 'yan kai ke nan. Mai zaga feda sau 90 a minti zai yi kusan kilomita 34 a awa in titi shimfiɗe yake. Amma in ya zo hawan gadar Kwangila ta nan Zariya, ko iskar hunturu ta tare shi gaba da gaba a hanyar Kano, ba shi da wata giyar da zai koma. Dole ya miƙe tsaye ya danna da cinya da ƙugu. A nan ƙarfin yake shiga jiki, kuma ƙafa ta koyi zagaye sumul ba fizga. Ni na yarda da shi wajen horo, sosai ma.

Gudu kuwa na mai canjin giya ne, musamman a doguwar tafiya kamar daga nan zuwa Kaduna. Babbar giyarsa, haƙora 50 a gaba da 11 a baya, tana cin mita 9 da rabi a zagaye ɗaya. Ƙaramar, 34 da 28, mita biyu da rabi, don hawan tudu. Ƙafa na tafiya a kan kiɗa ɗaya, numfashi ba ya ƙarewa da wuri. Ko a gasar Tour de France ta Faransa, tun da aka yarda da na'urar canza giya a 1937, ba a sake waiwayar baya ba. Mai canjin giyar ma yana gina ƙarfi, in mai shi bai riƙa gudu zuwa giya mai sauƙi da zarar cinya ta fara zafi ba.

Abin da ya fi damuna gwiwa ce. Saurayin da ya kawo wannan keken daga Samaru sabon shiga ne, kuma so yake a cire birki, wai zai riƙa tsayawa da ƙafa kamar 'yan tseren zagayen fili. Su can ba A Daidaita Sahu, ba akuya. Birkin gaba na nan daram, giyar baya kuma za mu sa masa mai haƙora 18, wadda ta fi sauƙin takawa, har gwiwarsa ta saba.

Miƙo min sufana mai lamba 15.