Folda ta lalace, ta ƙi goguwa daga kwamfuta: yaya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata folda a kwamfutata mai Windows wadda ta ƙi buɗuwa tun ranar da aka ɗauke wuta ina cikin kwafar hotuna. Duk lokacin da na yi yunƙurin goge ta, sai wani saƙo ya fito ɗauke da lamba 0x80070570. Ba na bukatar abin da ke cikinta, so nake kawai ta fita. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lambar da ka ambata ta rage mana aiki, domin ita ce Windows ke nunawa tare da saƙon "The file or directory is corrupted and unreadable", wato bayanan da ke nuna inda foldar take a kan faifai sun rikice har tsarin ya kasa karanta su. Saboda haka abin da ke bukatar gyara shi ne faifan ajiyar, kuma da zarar an gyara shi, yawanci foldar tana goguwa ba tare da gardama ba.

Faifan da Windows ke aiki da shi yana bin tsarin da ake kira NTFS, kuma a cikinsa akwai wani babban jadawali mai suna MFT, wanda yake kamar littafin rajistar mai tsaron sito: kowane fayil da kowace folda suna da layinsu, da sunansu, da girmansu, da wurin da aka ajiye su. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko aka zare filash ba tare da an sallame shi ba, to rubutun yana iya tsayawa rabi da rabi. Sunan foldar yana nan ana ganinsa, amma abin da sunan ke nunawa ya saɓa da abin da ke kan faifai, kuma Windows ba ya goge abin da ya kasa bin diddiginsa. Shi ya sa maimaita danna maɓallin gogewa ba ya haifar da komai.

Kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman takardunka da hotunanka zuwa wani faifan dabam. Na sa wannan a gaba ne saboda aikin gyaran da za mu yi yana wahalar da faifai, kuma idan faifan ya riga ya fara mutuwa, wahalar tana iya ƙarasa shi.

Bayan haka, sai ka rubuta cmd a wurin bincike na Windows, ka danna dama a kan Command Prompt, ka zaɓi buɗe shi da ikon mai kula da kwamfuta. A baƙar tagar da za ta fito, rubuta wannan, kana sauya D da harafin faifan da foldar take ciki:

chkdsk D: /f

Wannan umarni yana bin jadawalin layi-layi, yana daidaita abin da ya saɓa. Idan foldar tana kan C ne, inda Windows kansa yake zaune, zai ce ba zai iya kulle faifan ba saboda ana amfani da shi, ya tambaye ka ko ya yi aikin a kunnawa ta gaba. Danna Y, ka sake kunna kwamfutar, ka bar ta ta gama, kuma ka tabbata wuta ba za ta yanke a tsakiya ba, domin katse gyara ya fi barin ɓarnar muni. Idan aikin ya ƙare, mai yiwuwa ka tarar foldar ta ɓace da kanta, ko kuma ta koma tana buɗuwa, sai ka goge ta kamar kowace folda. Wani lokaci chkdsk yana tattara guntayen da ya tsinto a wata ɓoyayyar folda mai suna found.000, kuma tunda ba ka bukatar su, ba abin damuwa ba ne. Idan /f bai wadatar ba, sai ka maimaita da /r, wanda ke ƙara da duba sassan faifan da suka daina karantuwa, sai dai yana iya cin sa'o'i da yawa a kan babban faifai.

Idan an gyara faifai amma foldar ta ci gaba da turjiya, to akwai wani dalili na biyu, kuma saƙon da ke fitowa zai canza. Wanda ke cewa wata manhaja tana amfani da foldar shi ne mafi sauƙi: riƙe Shift yayin da kake danna Restart, ka bi zaɓuɓɓukan har ka shiga Safe Mode, inda mafi yawan manhajoji ba sa tashi, ka goge ta a can. Wanda ke cewa ba a samu abin ba alhali kana kallonsa, yawanci matsalar suna ce. Windows yana rikicewa da sunan da ya ƙare da ɗigo ko da fili, da sunayen da ya keɓe wa kansa irin su CON da NUL da AUX, da kuma adireshin da ya zarce haruffa 260 saboda an cusa folda cikin folda har abin ya yi tsawo. Duk waɗannan matsalolin, umarni ɗaya ne ke maganinsu. Rubuta shi a baƙar tagar Command Prompt, kana sauya adireshin misalin nan, wato foldar Tsohuwa da ke cikin foldar Hotuna a faifan D, da na foldarka:

rd /s /q "\\?\D:\Hotuna\Tsohuwa"

Alamomin da ke gaban harafin faifan suna sa Windows ya karɓi adireshin yadda yake, ba tare da tace shi ba. Amma a yi hattara sosai a nan, domin wannan umarni ba ya tambaya, ba ya kuma tura komai kwandon shara. Idan ka tsaya a kan Hotuna ka manta da rubuta Tsohuwa, duk hotunanka ne za su tafi. Karanta adireshin sau biyu kafin ka danna Enter.

Akwai manhajoji da yawa a intanet da ke alƙawarin goge kowace folda da ƙarfi. A ganina ba su dace da irin matsalarka ba, saboda aikinsu shi ne ƙwace fayil daga manhajar da ta riƙe shi, ba sa gyara jadawalin da ya rikice, ga shi kuma wasunsu suna zuwa da tarkacen da ba a gayyata ba. Idan kuwa foldar a kan filash take, hanya mafi gajarta ita ce ka kwashe abin da kake so, ka yi wa filash ɗin fomat gaba ɗaya.

Saura batun abin da zai biyo baya. Tunda ka san dalilin lalacewar, wato ɗaukewar wuta, mai yiwuwa gyara ɗaya ya isa. Amma idan bayan 'yan kwanaki wata foldar ta sake lalacewa ba tare da an ɗauke wuta ba, ko chkdsk ya ba da rahoton sassan da suka mutu, ko ka fara jin faifan yana ƙara yana ƙas-ƙas, to faifan ne da kansa ke gazawa. Kusan kowane faifan kwamfuta na zamani yana ajiye rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna shi. Idan ta nuna gargaɗi, kada ka sake gudanar da chkdsk a kansa, ka kwashe sauran kayanka, ka sauya faifan da sabo.