Na saka sabon furosesa, kwamfuta taƙi tashi: amsoshin tambayoyinku kan BIOS

Tambayoyi uku ne suka zo kusan iri ɗaya a wannan makon, shi yasa na haɗa su waje guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ABU, ina zaune a Samaru, aikin zanen gini nake da AutoCAD da Revit. Kwamfutata ta tebur madabod ɗinta MSI B450 ce, da Ryzen 3 2200G a ciki. Na tara kuɗi na sayi Ryzen 5 5600 aka kawo min daga Legas, na saka, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Wani yace min furosesan ne matacce, dan Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yi saurin yanke masa hukunci, da wuya ace matacce ne. Bod ɗin B450 a 2018 suka fito, su kuma Ryzen 5000 sai a Nuwamban 2020, shi 5600 ɗin naka ma sai Afrilun 2022, to kaga bod ɗin ta girme shi nesa ba kusa ba. A jikin kowace madabod akwai ɗan ƙaramin chip mai ɗauke da BIOS, ita ce manhajar da ke fara tashi kafin Windows, ta duba furosesa da ram ta basu wutar da ta dace, kuma kamar mai gadi take da takardar sunaye a hannu, wanda sunansa baya ciki bazata buɗe masa ƙofa ba ko da soket ɗin AM4, wato gurbin da furosesa ke zama, ɗaya ne kuma ya zauna daram. AMD ke fitar da lambobin da ake kira AGESA, su MSI da ASUS da Gigabyte su saka a sabon BIOS, kai kuma aikinka ka sauke ka ɗora.

Amma kafin nan akwai abin da nake zargi a batunka musamman. 2200G yana da girafik a cikinsa, harafin G ɗin nan ma'anarsa kenan, shi kuwa 5600 bashi da shi kwata-kwata. In wayar sikirin ɗinka a bayan madabod take kuma baka da katin girafik daban, ko ka sabunta BIOS bazaka ga komai ba, sai ka nemi kati, wanda dama mai aikin Revit yana buƙatarsa.

Yanzu ka mayar da tsohon furosesan, ina fatan baka sayar ba. Wajen cire kula, wato fankar da ke sanyaya furosesa, ka murɗa ta a hankali dama da hagu kafin ka ɗaga, don a AM4 man da ke tsakani yakan bushe ya fisgo furosesa daga soket, ƙafafuwan su lanƙwashe, na sha ganin wannan a teburin gyara kuma abin tausayi ne. In ta tashi ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta msinfo32, zaka ga cikakken sunan bod da BIOS ɗin da ke kai. Cikakken suna fa nace, B450 Tomahawk daban, B450 Tomahawk MAX daban, fayil ɗinsu ba ɗaya bane. Masu Gigabyte kuma su duba lambar rev da ke rubuce a kusurwar bod. Ka shiga shafin kamfanin da kansa, ba wani link da aka turo a gurup ɗin WhatsApp ba, ka buɗe jerin furosesan da bod ɗin ke karɓa, a gaban 5600 an rubuta BIOS ɗin da yake buƙata. Ka karanta ɗan bayanin da ke ƙasan kowane fayil, wasu bod sai ka fara ɗora wani na tsakiya kafin na ƙarshe, wasu tsofaffi masu chip 16MB kuma an cire musu goyon bayan tsofaffin furosesa irin A-series don a samu wuri.

Ka sami filash ka yi masa fomat FAT32, ka warware zip ɗin ka zuba fayil a ciki, ka kunna kwamfuta kana danna Del, ka zaɓi M-Flash. A ASUS sunansa EZ Flash, a Gigabyte Q-Flash, a ASRock Instant Flash. In kana da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan kwamfuta, a kunne ka dakatar da shi tukuna ko ka rubuta makullinsa a takarda, in ba haka ba Windows zai iya tsare ka a bakin ƙofa bayan an gama.

Sai maganar wuta, wadda a nan Zariya ita tafi komai muhimmanci. Aikin bai wuce 'yan mintuna ba amma a cikinsu ana goge tsohon BIOS ana rubuta sabo, in aka ɗauke wuta a tsakiya bod ɗin ta zama bata da na da bata da na yanzu. Wallahi kar ka yi shi da wutar gari tsura, kuma kar ka yi da ƙaramin janareta da mai ya kusa ƙarewa. UPS mai lafiyayyen batir ko inbata mai caji, in baka da su ka ɗauki kwamfutar ka kai wajen wanda yake da sola, wahalar ɗaukarta a keke napep tafi sauƙi akan asarar bod. Zata kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku, ka naɗe hannu kar ka taɓa komai. Bayan ka saka 5600 ka koma BIOS ka kunna XMP, wato saitin da ke sa ram gudu da cikakken saurinta, don saitin duk ya koma na asali.

Tambaya: Malam ina da shagon buga takardu a Sabon Gari, na sayi bod B660 sabuwa a kwali da i5-13400, bani da wani tsohon furosesa. Ya zanyi?

Amsa: Alhaji, B660 don furosesan Intel na ƙarni na 12 aka yi ta, na 13 da na 14 duk suna hawa soket LGA1700 amma in kwalin ya daɗe a sito tsohon BIOS ne a ciki. Duba bayan bod ɗin wajen ramukan USB ko akwai ɗan maɓalli, MSI na kiransa Flash BIOS Button, ASUS BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus. In akwai ka huta, ko furosesa ba sai an saka ba, wayoyin wuta na 24-pin da 8-pin kawai zaka jona, ka canza sunan fayil ɗin zuwa MSI.ROM ko GIGABYTE.bin (ASUS suna haɗowa da ɗan furogiram mai canza sunan), ka soka filash a ramin da aka yiwa alama, ka danna, ka jira har fitilar ta daina ƙiftawa. In babu maɓallin sai aron furosesa na ƙarni na 12 wajen masu gyara na PZ, ko Celeron G6900 ya isa. Wannan maɓallin ne kuma ke ceto bod ɗin da wuta ta yankewa aiki, in babu shi sai mai gyara ya rubuta chip ɗin da na'ura irin CH341A.

Masu i7 da i9 da i5 mai K na ƙarni na 13 da 14, ku ko kwamfutar na aiki lafiya ku sabunta, Intel ta fitar da gyaran 0x12B, mai zuwa a cikin sabon BIOS, a Satumban 2024 saboda matsalar yawan wuta da ke lalata furosesan a hankali.

Tambaya: Ina da Dell OptiPlex 7040 tokumbo mai i5-6500 a Tudun Wada, in na sabunta BIOS zata ɗauki i5-8400? Naga soket ɗinsu ɗaya.

Amsa: A'a 'yar uwa, kar ki kashe kuɗinki. Sunan soket ɗin dai ɗaya ne, LGA1151, amma ƙarni na 8 sai bod mai chipset na jerin 300, babu BIOS na Dell da zai gyara wannan. Zaki ga masu ɗora BIOS ɗin da aka yiwa kwaskwarima a intanet, ban baki shawara ba akan kwamfutar da kike neman abinci da ita. In ƙarin ƙarfi kike so i7-6700 zai hau lafiya, amma in har yanzu tsohon hadis (hard disk) mai juyawa ne a ciki ki fara saka SSD ki kai ram 16GB.