Fitilar Saba Ta Koma Ruwan Ɗorawa, Shin In Kashe Ta?

Tambaya: Malam, an ɗora mini kula da sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocinmu hidima, sai na ga wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a gabanta. Shin in danne maɓallin wuta ta mutu, in sake kunna ta?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa, domin kowane kamfani da ma'anar da ya bai wa launukansa. A sabar Dell PowerEdge, shuɗiyar fitila tsayayya alamar lafiya ce, ruwan ɗorawa mai ƙyaftawa kuwa matsala take nunawa, wataƙila fanka ta tsaya ko zafi ya yi yawa. A HPE ProLiant kuma, ruwan ɗorawa tsayayya a maɓallin wuta tana nufin sabar a kashe take amma akwai lantarki a cikinta. Koren da ke ƙyaftawa a jikin faifan ajiyar bayanai galibi aiki yake nunawa. Ka fara duba rahoton iDRAC (a Dell) ko iLO (a HPE), wato tsarin da ke sa ido kan lafiyar sabar.

Danne maɓallin na daƙiƙa 4 ko fiye yana yanke wuta da ƙarfi, kuma bayanan da ba a gama rubutawa a faifai ba suna iya lalacewa. Ka sanar da ma'aikata, ka rufe manhajoji, sannan ka kashe ta daga cikin tsarinta. Idan za ka buɗe murfi, ka zare dukkan wayoyin wutar, domin galibi biyu ne.

Wajen kunnawa, fankoki za su yi ruri na 'yan mintuna kafin ta gama binciken kanta, kuma wannan ba matsala ba ce.