Tambayoyin Masu Karatu: Jiran Jirgi a Tashoshin Kewayen Accra

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Ni magidanci ne mazaunin Tema, kuma rumfata tana kasuwar Kantamanto, dab da babbar tashar jirgin ƙasa ta Accra. A lokutan da jirgi yake aiki nakan bi shi, domin ya fi trotro, wato ƙaramar motar haya, araha kuma ba ya tsayawa a cunkoso, amma ƙaramar tashar da nake hawa ba ta da wurin zama da zai ishi mutane, ba ta da ruwa, kuma ba kullum ake samun wanda zai gaya maka ko jirgin zai zo ba. Me ya sa abin yake haka, alhali layin dogo yana nan shimfiɗe tun zamanin kakanninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiyarka, layin ya daɗe. Wanda ya haɗa Accra da Kumasi an kammala shi a 1923, shi kuma reshen da ya rabu daga Achimota ya nufi Tema an shimfiɗa shi ne a shekarun 1950, lokacin da ake shirin gina tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1962. A nan ne tushen matsalarka yake, domin waɗanda suka gina layukan nan koko da katako da ma'adinai da kayan gini suke tunani, ba ɗan kasuwar da zai bar gida bayan sallar Asuba ya komo bayan Magariba ba. Tashoshin da ke tsakani an yi su ne ƙanana, daidai da ƙauyukan da suke kewaye da su a wancan zamani, sai ga shi yau Dome da Ofankor da Pokuase da Amasaman a kan hanyar Nsawam, da Batsonaa da Sakumono a kan hanyar Tema, duk sun zama unguwanni masu ɗimbin jama'a, tashoshin kuwa ba su girma tare da su ba.

Abu na biyu shi ne, a mafi yawan tsawonsa layin guda ɗaya ne, wato jirgin da ya taso daga Tema da wanda ya taso daga Accra ba za su iya wuce juna ba sai a tashar da aka yi wa layin ratse, inda ɗaya zai tsaya ɗaya ya wuce. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin jiragen kansu, sai a ga dalilin da ya sa tsarin ya zama na tafiya da safe da dawowa da yamma, kuma da zarar inji ɗaya ya lalace ko ruwan sama ya zare ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, babu wani jirgin da zai maye gurbi. An kawo sababbin jirage masu amfani da dizal daga ƙasar Sin a 2010, an kuma sake buɗe zirga-zirgar Accra zuwa Tema a farkon 2019 bayan gyara, amma hidimar ta sha tsayawa tana dawowa, kuma kowace tsayawa tana korar fasinjojin da aka sha wahala kafin a samu.

A ganina, cikin abubuwa ukun da ka lissafa, na ƙarshen ne ya fi ciwo. Mutum zai iya jure tsayuwa, zai iya sayen ruwan leda a bakin hanya, amma ba zai iya gina sana'arsa a kan abin hawan da bai san ko zai zo ba. Trotro yana da wahalarsa, daga matsi zuwa gardama da yaron mota a kan canji, zuwa awannin da ake ɓatawa a kan babbar hanyar Accra zuwa Tema, wadda tsawonta bai wuce kilomita 19 ba, sai dai duk wanda ya fito ya san zai samu mota. Wannan tabbacin shi ne jirgin ƙasa ya kasa bayarwa, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa: allo a bakin tasha da aka rubuta lokacin tashi da kuɗin tikiti, ma'aikaci guda da ke da labarin inda jirgi yake, da sanarwa tun da dare ta rediyo ko ta WhatsApp idan an san gobe babu tafiya. Bayan wannan sai rumfa mai tare rana da ruwa, da benci, da famfo, da makewayi mai tsabta wanda mace za ta iya shiga hankali kwance, da fitila, domin a Accra duhu yakan rufe ba da jimawa ba bayan ƙarfe shida a kowane lokaci na shekara, kuma fasinjan yamma cikin duhu yake sauka. Mu Musulmi muna da ƙarin dalilin neman famfon, tunda jiran jirgin safe da na yamma duk a kusa da lokutan salla suke faɗuwa.

Shawarata gare ka ita ce kada koken ya tsaya a hirar cikin tarago. Akwai hukumomi biyu da ya kamata ka bambance: kamfanin jiragen ƙasa na Gana, wanda ke tafiyar da tsofaffin jiragen, da hukumar raya layin dogo da dokar reluwe ta 2008 ta kafa, wadda kadarori da filaye da tashoshi ke hannunta. Takarda guda da fasinjoji masu yawa suka sa wa hannu, wadda ta ambaci tasha da sunanta da abin da ta rasa, aka miƙa ta ta hannun wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar dokoki, ta fi ƙarfin maganar mutum ɗaya, kuma tana barin shaidar da za a koma gare ta.

Tambaya: Malam, ni mahaifiyata ta tsufa kuma da keken guragu muke fita da ita. Mun taɓa zuwa wata tasha muka koma gida saboda ƙofar jirgin ta yi wa dandamali nisa. Shin akwai dokar da ta kare irinta? Daga wata 'yar'uwa a Achimota.

Amsa: Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri. Akwai doka. Dokar masu bukata ta musamman ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa masu wuraren da jama'a ke shiga su gyara su yadda mai naƙasa zai iya amfani da su, ta kuma ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara goma, wanda ya cika a 2016. Tashar jirgi tana cikin irin waɗannan wurare, saboda haka abin da kike nema haƙƙi ne. Gyaran ma ba mai wuya ba ne: gangara mai sauƙi maimakon matakala, dandamalin da tsayinsa ya yi daidai da ƙofar tarago, ko kuma faranti mai ɗaukuwa da ma'aikaci zai ɗora tsakanin su biyu. Kafin a kai ga haka, ki je tashar kwana guda kafin tafiya ki yi magana da shugabanta, ki nemi a nuna miki taragon da ya fi sauƙin hawa, kuma kada ki yarda a ɗaga Hajiya cikin gaggawa bayan jirgi ya yi ƙahon tashi. Ki tuna kuma cewa duk gangarar da aka gina dominta za ta amfani mai ciki da mai goyo da 'yan dakon da ke ɗauke da kaya a ka.

Tambaya: Malam, muna kasa kaya a gefen layin dogo shekara da shekaru, kuma duk lokacin da aka ce za a farfaɗo da jirgi mu ake fara kora. Yanzu kuma an gina sabon layi daga Tema. Shin wannan zai sauƙaƙa wa mai zuwa Accra, ko kuwa korarmu kawai za a yi? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Kasa kaya a kan dogo ko dab da shi ganganci ne da rai. Jirgin ƙasa ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma ko direba ya hango mutum ya taka birki nan take, jirgin sai ya ja tafiya mai nisa kafin ya tsaya, ba shi kuma da sitiyarin da zai kauce. Duk wanda ya san yankin Kantamanto da Agbogbloshie da shataletalen Circle a Accra ya san yadda tebura da diloli na gwanjo da kayan miya suka matse layin, har jirgi ya koma tafiyar hawainiya yana busa ƙaho ana janye kaya a gabansa. Wannan jinkirin yana daga cikin abin da ya sa ɗan'uwanmu na Tema ba ya samun jirgi a kan lokaci. A Kumasi ma, a kewayen tsohuwar tashar da ke kusa da Adum da Kejetia, kasuwa ta daɗe da mamaye wurin da jirgi ya bari.

Amma ban yarda da masu ɗora laifin duka a kanku ba. Mutane ba su zauna a kan layin ba sai da jirgi ya yi ƙaranci, fili kuma ya zauna babu mai tsaronsa a tsakiyar birnin da rumfa ke da tsada. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren Kantamanto a farkon Janairun 2025 ta nuna yawan iyalan da abincinsu ke rataye a wannan ɗan yanki. Kora da katafila ba tare da an nuna wa mutane inda za su koma ba takan ƙare ne da dawowarsu bayan 'yan makonni. Abin da ya dace shi ne a kange layin, a ware wa masu sana'a wuri a harabar tasha da kuɗin haya mai sauƙi, domin tasha mai mai koko da ƙosai da mai wake da shinkafa da fitila a kunne ta fi aminci ga matar da ta sauka da dare fiye da wadda babu kowa. Ku haɗa kai a ƙungiyance, ku sa sarakunan Zango da shugabannin kasuwa a gaba, ku nemi a zauna da ku tun kafin a sa ranar tashi.

Game da sabon layin kuwa, na Tema zuwa Mpakadan ne, mai tsawon kilomita 97, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2024, kuma arewa ya nufa, ta Ashaiman da Afienya har ya haye kogin Volta. Faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Accra kuwa milimita 1,067, don haka jirgin da ke tafiya a kan ɗaya ba zai hau ɗayan ba. Mutumin Ashaiman da ke son zuwa Kantamanto, ko da ya hau sabon jirgin zuwa Tema, dole ne ya sauka ya nemi tsohon jirgi ko trotro. Amfanin da zai samu ya dogara ne a kan ko za a daidaita lokutan jiragen biyu, ko za a sayar masa da tikiti guda na tafiyar duka, da kuma ko tashar mota za ta kasance a ƙofar tashar jirgi yadda mai kaya ba zai yi doguwar tafiya a rana ba. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata ƙungiyarku ta kai gaban hukuma tare da batun rumfunanku.