Zan yi mako guda a Jeneba: wane abincin gargajiyar Suwizalan zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma a watan Nuwamba zan tafi birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan domin halartar taro na mako guda. Abokan aikina da suka riga ni zuwa sun ce shawarma da shinkafar 'yan Indiya suka yi ta ci har suka dawo, saboda tsada da kuma tsoron naman alade. Ni kuwa ina so in ɗanɗana abincin mutanen ƙasar na asali. Me zan ci, me zan kauce wa, kuma yaya tsarin cin abinci a waje yake a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, domin yana damuna in ga mutum ya yi tafiya mai nisa irin wannan, ya dawo bai san ɗanɗanon ƙasar da ya je ba, alhali abin da ya hana shi jimla ɗaya ce ko biyu da zai faɗa wa mai kawo abinci.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, abincin gargajiyar Suwizalan abincin makiyaya ne da manoman kan duwatsu, ba na masu bankuna da agogo ba. Da rani suna hawa da shanunsu makiyayar da ke saman tsaunuka, kuma tun da madara ba ta ajiyuwa, sai su mayar da ita cuku mai tauri wanda zai kai su ƙarshen hunturu. Shi ya sa kusan duk girkin da suke alfahari da shi ya tsaya a kan cuku da dankalin turawa da burodi da man shanu. Wannan alheri ne gare ka, domin nama ba shi ne ginshiƙi ba. Alade ma ba shi ne zai fi ba ka wahala ba, tun da yawanci sunansa yana rubuce a takardar abinci; giya ce ke ɓuya a cikin tukunya ba tare da an ambace ta ba.

Mu fara da fondue, wadda kowa zai tambaye ka ko ka ci idan ka dawo. Cuku ne ake narkarwa a wata tukunya mai kauri da suke kira caquelon, bayan an goge cikinta da tafarnuwa, sannan a ɗora ta a kan ƙaramin risho a tsakiyar tebur, kowa ya soki gutsuren burodi da dogon cokali mai yatsu ya juya shi a ciki. Wadda aka fi sani a yankin masu Faransanci, inda Jeneba take, ita ce moitié-moitié, wato rabi da rabi: rabi cukun Gruyère, rabi Vacherin na yankin Fribourg. Sai dai a cikin farar giyar inabi ake narkar da cukun, kuma sau da yawa ana ƙara wata barasa mai ƙarfi ta 'ya'yan itacen ceri, wadda ake kira kirsch. Wani zai ce maka wuta ta ƙone barasar. Kada ka dogara da wannan magana, domin fondue ba a tafasa ta tsawon lokaci, kuma wani kaso na barasar yana saura a ciki.

Mafita tana cikin al'adar tasu da kanta. Akwai fondue fribourgeoise, wadda ake yi da Vacherin zalla, a narkar da shi da ruwa a kan wuta kaɗan, a ci da ɗumi ba da zafi ba, yawanci da dafaffen dankali tare da burodi. Na fara cin ta ne a wani ƙaramin gidan abinci a garin Fribourg wata rana da sanyi ya yi tsanani, inda matar gidan ta kunna ɗan kyandir kawai a ƙarƙashin tukunyar, ta gargaɗe ni da cewa idan wuta ta yi yawa cukun zai tsinke, mai ya rabu da shi. Taushinta kamar na kindirmo mai kauri, ƙamshinta kuwa yana da ƙarfi, kuma a ganina ta fi wadda ake sa wa giya nuna ainihin ɗanɗanon cukun. Ba kowane gidan abinci a Jeneba ke yin ta ba, don haka ka buga waya tun da rana ka tambaya, ka kuma tabbatar da kalmomin nan: sans vin, sans alcool, wato ba giya, ba barasa. Wasu gidaje ba sa yin fondue ta mutum ɗaya, saboda haka ka nemi abokin tafiya daga cikin mahalarta taron. Idan kun kai ƙarshen tukunya za ku tarar da ƙanzo mai ruwan zinariya, wanda suke kira la religieuse. Kada ku bari a ɗauke tukunyar kafin a kankaro muku shi. Su a al'adarsu baƙin shayi mai zafi ake sha da fondue idan ba a shan giya, domin sun yi imani ruwan sanyi yana daskarar da cukun a ciki.

Raclette ta fi sauƙin sha'ani, kuma ita nake fara ba baƙo Musulmi shawara. Asalinta daga yankin Valais ne: ana kara rabin ƙaton cuku kusa da wuta har fuskarsa ta narke, sai a kankaro ta da wuƙa a kan faranti, a ci da ƙananan dankali da ƙananan kokwamba da albasa masu tsami. Babu giya a cikin cukun. Abin lura shi ne farantin busasshen nama da ake kawowa tare da ita, wanda yawanci ya haɗa naman sa da na alade wuri guda. Ka ce ba ka bukatarsa tun wajen yin oda. Watan Nuwamba kuwa lokacinta ne sosai, domin abincin sanyi ce.

Jeneba tana bakin tafkin Léman, saboda haka kifi ma abincin gargajiya ne a wurinsu, kuma nan ne abokan aikinka suka yi babbar asara. Ka nemi filets de perche, wato siraran yankan wani ƙaramin kifin ruwan daɗi da ake soyawa da man shanu da lemun tsami, a kawo da soyayyen dankali. Buƙatarsa ta fi abin da tafkin ke bayarwa, don haka da yawa daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Idan ka ga an rubuta du lac ko du Léman, na tafkin ne, kuma ya fi tsada. Akwai kuma féra da omble chevalier, dukansu kifayen tafkin ne masu daɗi. Ka zaɓi girkin meunière, na man shanu, ka bar wanda aka rubuta masa au vin blanc, wato mai farar giya.

Rösti, wanda ya fito daga yankin Bern na masu Jamusanci, gurzajjen dankali ne da ake toyawa a kasko har ya zama faifai mai ƙamas-ƙamas a waje da taushi a ciki. Da ƙwai ko cuku a kai ya wadatar da mutum, amma wasu na zuba masa gutsattsarin naman alade, saboda haka ka tambaya. Shahararren girkin Zurik na naman maraƙi da kirim, wanda ake ci da rösti, da farar giya ake haɗa miyarsa. Longeole, tsiran da Jeneba ke taƙama da shi, na alade ne tsantsa, haka ma wanda ake ɗorawa a kan papet vaudois, wani girkin dankali da ganye mai kama da na albasa. Kalmomin da ke nuna akwai alade, waɗanda za ka haddace, su ne porc, lard, lardons, jambon da saucisse.

Game da naman sa da rago, ya kamata ka san cewa tun shekarar 1893 ƙasar ta haramta yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka naman gidajen abinci na gama-gari ba yankan Musulunci ba ne sai an rubuta. Idan kana son nama, ka je unguwar Pâquis da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Cornavin da bakin tafki, inda gidajen abincin Larabawa da Turkawa da 'yan Afirka suke da yawa. Shawarata ita ce ka bar nama ga Pâquis, ka bar cuku da kifi ga gidajen 'yan ƙasa.

Tsada gaskiya ce, amma akwai dabara. Da rana a ranakun aiki kusan kowane gidan abinci yana da plat du jour, girkin ranar, wanda kuɗinsa ke kamawa daga kimanin faran 20 zuwa 30 na Suwizalan, ya kuma fi na dare araha nesa ba kusa ba. Saboda haka ka mayar da abincin rana babban cinka. Manyan shagunan Migros da Coop da Manor suna da wuraren cin abinci da mutum ke ɗaukar tire ya zaɓa da kansa, inda za ka ga abin da idonka kafin ka biya. Kuɗin hidima yana cikin farashi tun 1974, don haka abin da aka saba shi ne a cike lissafi da faran biyu ko uku idan an ji daɗin hidimar. Ruwan famfo yana da tsabta ƙwarai. Ka ce une carafe d'eau, wato tulun ruwan famfo, ko da yake wasu gidaje na cajin ɗan kuɗi a kai. Ka kuma gwada Rivella, lemon kwalba da ake yi da ruwan da ya rage bayan an cire cuku daga madara, wanda ba shi da barasa.

Lokaci ne ya fi kama baƙi. Ana ba da abincin rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, sannan yawancin gidajen gargajiya su rufe girki sai wajen ƙarfe 7 na yamma, kuma wanda ya zo bayan ƙarfe 10 da wuya ya sami abin ci. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, amma na tashar Cornavin da na filin jirgin sama suna buɗe. Ka riƙa kama tebur tun da wuri, musamman daren Juma'a da Asabar, kuma idan ka shiga ka gaisa da bonjour ko bonsoir, ka jira a nuna maka wurin zama.

Kayan zaƙi kuma, ka nemi meringue da kirim mai kauri na Gruyère, wanda ƙwai ne da sukari da madara kawai. Idan za ka sayo cakulan tsaraba, ka juya kwalin ka karanta, domin wasu ana cika cikinsu da kirsch ko wata barasa. A ƙarshen Nuwamba za ka fara ganin ƙananan tukwane na cakulan a shaguna, cike da alewa mai siffar kayan miya. Na bikin Escalade ne, wanda ake yi a Disamba domin tunawa da daren shekarar 1602 da mutanen birnin suka kori sojojin Savoy, inda aka ce wata mata ta sheƙa wa ɗaya daga cikin maharan tukunyar miya mai zafi daga taga. Ka sayo ƙarama wa yara, ka sa ta a jakar hannu, domin tana saurin fashewa a cikin akwati.