Hukuncin rubuta labarin barkwanci kan magidancin da ya lalace ya tuba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake. Ina rubuta wani labari na ban dariya, ina sakin shi babi-babi a WhatsApp. Magidanci ne mai shekara 45, ya dawo daga ci-rani a Abijan hannu rabbana, bashi ya yi masa katutu, ya saki matarsa cikin fushi, daga baya ya tuba ya maida aurensa. Wani a fadarmu ya ce ƙarya nake shirgawa don a yi dariya, kuma akwai hadisi a kai. In ci gaba? Kuɗin da nake karɓa fa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hadisin yana nan, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi: bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don mutane su yi dariya. Sai dai ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abin da bai faru ba a kan cewa ya faru. Mai karanta labarinka ya san ƙage ne tun shafin farko, ba a yaudare shi ba, saboda haka wannan buga misali ne. Akwai malaman da suka tsananta suka hana, amma abin da muka rinjayar shi ne halacci. Ga Maƙamatul Hariri, ƙagaggun labarai na Larabci da ake karantawa a zaurukanmu: mai ita ya rasu shekara ta 516 bayan Hijira, maƙama 50 ce a kan Abu Zaid, tsoho mai zaƙin baki da damfara, kuma a ta ƙarshe ya tuba. Rubuta a farkon kowane babi cewa ƙirƙira ce, don a WhatsApp babi ɗaya kan yi yawo shi kaɗai.

Inda marubuta suka fi zamewa shi ne saki. Ƙirga sakin da mutumin naka ya yi. In ɗaya ne ko biyu kuma idda ba ta cika ba, wato tsarki uku a mazhabar Malik, yana iya yin kome ba sabon sadaki. In ta cika, sai da yardarta, da waliyyi, da shaidu, da sabon sadaki. In kuwa uku ne, ƙofa ta rufe har sai ta auri wani aure na gaskiya, ya sadu da ita, suka rabu, ta gama idda (Baƙara, aya ta 230). Auren kisan wuta yana ba da dariya a takarda, amma ɓatacce ne, kuma an la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa. Kada ya zama shi ne mafitar labarin. Kada kuma a nuna "wasa nake yi" ta warware saki, domin hadisi ya ce aure da saki da kome, gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne. Kai kanka, rubuta "na sake ki" a bakin mutumin labari bai taɓa igiyar aurenka.

Tuba ma a rubuta ta daidai: barin laifi, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, sai maida hakkin mutane. Kuka a masallaci ba ya kashe bashi. In ya ci jikka ɗari biyu na mai shago, mai karatu ya ga yana biya ko yana neman yafewa. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ambaci addu'ar wanda ya kai shekara arba'in yana cewa ya tuba, ta dace da mutumin naka.

Dariyar ta tsaya kan wautarsa, kamar ɓuya a bayan buhun gero saboda mai bin bashi. Aya, salla, ko Annabi (SAW) ba a wasa da su ko da a bakin fasiƙi, duba Tauba 65 da 66. Laifin da ya yi a Abijan a ambace shi a wuce, ba siffantawa.

Canza suna kawai bai isa ba idan duk unguwa za ta gane wane ake nufi daga shagonsa da tafiyarsa. Wannan gulma ce, har da ƙage a kai. Sauya sana'a, gari da kamanni.

In an kiyaye waɗannan, kuɗin halal ne, da sharaɗin mai saye ya san farashi da yawan babin da zai samu kafin ya biya.

Wallahu a'alam.